Tafiyar da Ba ta Gida Ba

Litinin, 12 ga Fabrairu, 2007, bayan magariba

Mun dawo daga asibiti. Likitar mace ce, kuma tana da kirki, ba zan ce ba ta da kirki ba. Ta zana abin a takarda, ta juyo mana da ita mu gani. Ta sa ranar tiyata: Talata, goma sha uku ga Maris, da asuba. Na ce bayan nan fa? Ta ce bayan nan sai sun buɗe sun gani.

A mota muka shigo High Point Road, a nan garinmu Greensboro ta Amurka. Muna tsaye a danja kusa da shagon da muke sayen garin semo, Hairiyya ta ce, "Malam, abu biyu nake so." Na ce ina ji.

"Na farko, kada ka gaya wa kowa. Ba a nan ba, ba a gida ba. Ba na so a fara yi mini kallon gawa ina tsaye da ƙafata."

Na ce to. Ta ce in rantse. Tun da muka yi aure ba ta taɓa sa ni rantsuwa a kan komai ba. Na rantse.

Na biyun sai da muka ci abinci ta faɗa. Wai tana so ta ga Tulum. Na ce ina ne kuma Tulum? Ta ce a Meksiko. Akwai wata 'yar can da suke aiki tare a wurin wankin zannuwan otel, kullum tana ba ta labarin wani tsohon gari da mutanen dauri suka gina da dutse a kan tsauni, suka watse suka bar shi, teku na bugun gindinsa. Kwana uku ko huɗu kawai, in ji ta, kafin ranar.

Na ce kufai ke nan. Ta ce kufai ne. Na ce mu da muka baro ganuwar Katsina tana zubewa, awaki na hawa suna sauka, ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle ta, yanzu mu ne za mu hau jirgi kallon kufan wasu?

Ta ce, "Ta Katsina akwai teku a gindinta?"

Babu.

Laraba, 14 ga Fabrairu, hutun rana a sito

Na kira nas na tambaya ko mai irin wannan abin za ta iya shiga jirgi. Ta tambayo likita ta kira ni. Za ta iya, kada dai ta wahalar da kanta. Tunda ba mai karanta wannan sai ni, bari in rubuta: na so a ce a'a.

Sufabaiza ya ba ni hutun Alhamis da Juma'a don tafiyar. Yaro ne, na yi ɗa da shi. Ya daki kafaɗata ya ce matata ta yi dace. Na koma kan fokilif, injin ɗaga kaya, ina ɗaga firji ina ajiyewa.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na je laburare a tsakiyar gari na zauna gaban kwamfuta. An gama. Alhamis takwas ga Maris za mu tashi, Lahadi mu dawo. Daga nan zuwa Charlotte, daga can zuwa Kankun, sannan bas. Ɗakin da na kama a cikin gari yake, na bakin ruwan ba irin namu ba ne. Abinci kuwa sai kifi da shinkafa, ba zan tsaya tambayar wanda ya yanka kaza da yaren da ban iya ba.

Da na gama na ɗan karanta tarihin wurin. Maya ake ce wa mutanen. Fatake ne, ta ruwa suke fatauci, gishiri da zuma da tufafi. Garin yana da ganuwa ta gefe uku, na huɗun teku ne ya tsare musu. Na koyar da tarihi a sakandare kafin in zo ƙasar nan in zama ɗan dako mai inji, amma ban taɓa jin su ba. Ina cikin karatu matar laburaren ta zo ta ce lokacina ya ƙare.

Fasfonmu na Amurka watan jiya ya iso. Yana cikin durowa, ko hatimi ɗaya babu a ciki. Shekara tara ina ce wa Inna sai fasfo ya fito. Da girin kad ma, katin izinin zama, ana tafiya, amma tun harin Satumban 2001 kowa ke tsoron ya fita a hana shi dawowa. Sai fasfo, Inna. Sai fasfo.

Juma'a, 16 ga Fabrairu, bayan sallah

Na yi wauta yau.

Ana sa takalma a ƙofar masallaci na ga Sumaila. Mutumin Maraɗi ne, yana gyaran motocin da ake turawa Kwatano, kuma duk garin nan shi ne abokina in ana maganar aboki. Na ce, "Sumaila, ranar takwas ga watan gobe za ka iya kai mu filin jirgi, ni da iyali?"

Ya tsaya da takalmi a hannu. "Fasfo ya fito?"

Na ce ya fito.

Sai ya rungume ni a nan bakin ƙofa, mutane na ratsa mu, har Faransanci ya kuɓuce masa. "Bon, alhamdu lillahi. Inna za ta ga ɗanta." Kafin in buɗe baki ya juya. "Jama'a, Malam Iliyasu zai je gida."

Aka zagaye ni. Wannan ya ba ni hannu, wancan ya ce Allah ya kai lafiya, wani dattijo ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ina tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ba laifinsa ba ne. A garin nan duk wanda fasfo ya fito masa, hatimin farko na gida ne. Ba doka ba ce, amma ban taɓa jin wanda ya yi daban ba. Mutanenmu ba sa hawa jirgi don kallo. Ko gida, ko Makka, ko neman abinci. Ta ina zan fara, bayan an shafa fatiha, in ce a'a, bakin ruwa zan kai matata inda Turawa ke kwanciya tsirara?

Ban ce eh ba. Ban ce a'a ba. Na ce na gode.

Asabar, 17 ga Fabrairu, da hantsi

Sallahu ya fara zuwa. Mutum biyu kafin mu karya.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, da yamma

Hajiya Jimmai, mai tuwon ƙarshen mako da duk gwagwaren garin nan ke ci a wurinta, ta zo da jaka biyu. Turaruka, maganin ciwon gwiwa, wayoyin hannu, komai da sunan mai shi a jiki, na Kano daban, na Zariya daban. Ta zauna ta sha shayi tana lissafa abin da za a taho mata da shi.

"Daddawa ta gaske, ba wannan abin da 'yan Gana ke sayarwa ba. Kuka. Yaji. Kilishi kuwa, Malam, ka naɗe shi cikin riga, karnukan filin jirgin nan ba su da imani." Ta dubi Hairiyya sama da ƙasa. "Ke kuma kin rame, ƙanwata. Lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Aiki ne."

"Gida zai gyara ki. Sati biyu kina shan fura za ki dawo kamar amarya."

Bayan ta tafi Hairiyya ta dubi jakunkunan, ta dube ni. Dole na gaya mata abin da ya faru a masallaci. Ta yi dariya har ta dafe gefenta. Rabon da in ji dariyarta tun kafin gwajin farko. Ta ce, "To Malam, a Meksiko za mu raba?"

Na ce zan gyara. Ta ce yaushe? Na ce zan gyara.

Talata, 20 ga Fabrairu, hutun rana

Mutanen da suka shekara biyu ba su ce mini ya aiki ba, yau sun san lambar afatmen ɗina. Wani ma ban san sunansa ba sai da na karanta a jikin ƙunshinsa. Na Damagaram, na Tawa, na Gusau. "Ai in ka sauka Kano nan da nan ne, ka ba direba." Kamar Kano tsakar gidan ubana ce.

Amma a bar wannan. Ni ma na yi. Bara da wani ɗan'uwanmu na nan, Alasan, zai tafi gida na kai masa bargon Inna da agogon ƙanena Haidar, ban tambaye shi ko akwatinsa na da wuri ba. Haka muke rayuwa a nan. Mutum ɗaya ya tafi, ya ɗauki hannun mutum arba'in.

Alhamis, 22 ga Fabrairu, bayan isha'i

Ta dawo daga aiki da leda. Doguwar riga mara nauyi, da wata faffaɗar malafa irin ta matan Turawa. Ta ɗora malafar a kan ɗankwali ta tsaya gaban madubi, ta ce yaya? Na ce kamar mai tallan nono. Ta jefe ni da silifa.

Abincinta rabi ta ci.

Asabar, 24 ga Fabrairu, da la'asar

Sumaila ya kawo nasa. Ya jira sai da kowa ya gama, don kada a ce ya matsa mini.

Shekararsa goma sha ɗaya a ƙasar nan ba takardu. In ya fita ba dawowa. Ya bar 'yarsa tana goye, yanzu tana aji biyar. Ya kawo mata jakar makaranta da takalmi ƙafa biyu iri ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya girma. Ya ce, "Uwarta ta gaya mini lamba, amma lambar can da ta nan ba ɗaya ba ce. Wanda bai yi ba ta ba wata." Sai kaset. Ya shiga mota ya rufe gilashi ya ɗauki muryarsa, gefe biyu ya cika.

"Wannan kada ka ba direba, Malam. Daga Katsina zuwa Maraɗi ba nisa. Ka je da kanka, ka dube ta, ka dawo ka gaya mini da wa take kama."

Na karɓa da hannu biyu. Hairiyya tana kicin, na ji ta kashe famfo.

Lahadi, 25 ga Fabrairu, da azahar

Na kira gida kamar kowace Lahadi. Haidar ya ɗauka yana dariya. "Yaya, ashe ɓoye mana kake yi." Matar Sumaila ta gaya wa wani ɗan kasuwar Jibiya, shi kuma ya tsaya shagon Haidar ya yi masa barka.

Ya miƙa wa Inna.

"Iliyasu, an ce kana tafe."

Ta sa an gyara rufin ɗakina. Ta aika a sayo nama za a yi dambu, don ta san ina so. Ta ce idonta na dama ya yi hazo, amma na hagun zai ishe ta ganina. Ta ce ita kuma ɗiyata Hairiyya lafiya? Na ce lafiya lau. Ta ce yaushe ne ranar?

Na ce in sha Allahu, Inna.

Katin wayar ya ƙare. Akwai wani a aljihuna. Ban kankare shi ba.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Ban rubuta komai ba yau.

Talata, 27 ga Fabrairu, bayan magariba

Mun je an ɗebi jininta. A hanyar dawowa na ce mata mu bar tafiyar nan. Na jero dalilai, kuma masu kyau ne: gajiya, jirgi biyu, bas, zafin can bayan sanyin nan. In an gama, ta warke, sai mu je a natse, har sati guda. Mutane kuma in ce musu an hana ni hutu a wurin aiki, kowa ya ɗauki kayansa, Inna in ce mata sai bayan Sallah. Ba wanda zai ji ciwo.

Ta ce, "In an gama."

Na ce eh, in an gama.



Laraba, 28 ga Fabrairu, da safe

Malafar da rigar suna cikin ledar shagon a bakin ƙofa, inda take ajiye abin da za ta mayar.

Alhamis, 1 ga Maris, hutun rana

Jiya da yamma mun yi magana. Ba faɗa ba ne. Da ma faɗa ne.

Tana so ta yi sallah, sai da ta ja jakar Hajiya Jimmai gefe kafin ta sami wurin shimfiɗa darduma. Na ce kada ta ja abu mai nauyi. Na ce duk wannan tarin ai saboda ita ne, da ba ta sa ni rantsuwa ba da tuni na yi wa kowa bayani, kuma ba mai ganin laifina.

Ta naɗe dardumar da ba ta riga ta hau ba. Ta ce, "Malam, na ce kada ka faɗi ciwona. Ban ce kada ka faɗi inda za ka ba."

Na ce in na faɗi inda za ni ba dalili, me za a ce da ni?

"Za a ce Malam Iliyasu ya kai matarsa yawo ya bar uwarsa. Shi ne abin da ba ka so a ce. Kana so ka kai ni, amma sai in kowa ya san mutuwa zan yi, don a ce ka kyauta."

Na ce kada ta ƙara faɗin wannan kalmar a gidan nan.

Ta ce, "To na daina. Amma ni ban taɓa roƙonka ka kai ni ko'ina ba. Ka kawo ni ƙasar nan, daga afatmen sai wurin wanki, daga wurin wanki sai afatmen. Ban yi ƙorafi ba, kai ma haka kake. Sau ɗaya na ce ina son ganin wani abu da idona."

Ta shiga ɗaki ta yi sallarta a can.

Tun safe nake neman inda ta yi kuskure a maganar. Na kusa faɗo da injin wanki daga kan fokilif.

Juma'a, 2 ga Maris, bayan sallah

Na ja Sumaila gefe a wurin fakin. Na buɗe but na fito da jakar makarantar. Na ce ba gida za mu ba, Meksiko za mu, kwana huɗu.

"Meksiko? Mota za ka sayo?"

Na ce a'a. Bakin teku. Akwai wani tsohon gari, iyali na son gani.

"Bakans," ya ce, da Faransancinsu. Hutu ke nan. "Kai da Allah ya buɗe wa ƙofa. Tsohuwa na zaune tana jira, ka ɗauki fasfo sabo ful ka kai wa Meksiko su fara buga masa hatimi." Ya karɓi jakar. "Ni da za a ba ni fasfon nan na kwana huɗu, kwana biyu a jirgi, kwana biyu in zauna in dubi yarinyar nan, wallahi ya ishe ni."

Na ce ka yi gaskiya.

"Me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?"

Na ce kunya.

"Yanzu fa? Akwai wani abu ne, Malam? Madam lafiya?"

Na ce lafiya lau.

Ya sa jakar a kujerar gaba, ya ja mota. Bai ce sai an jima ba. Ba zan ce bai kyauta ba. Da ni ne da na faɗi abin da ya fi haka.

Asabar, 3 ga Maris, da yamma

Tun safe nake zagaya afatmen-afatmen, daga High Point Road zuwa Wendover, ina mayar wa kowa kayansa. Magana ɗaya nake maimaitawa har ta daina yi mini nauyi a baki: ba gida za mu ba, Meksiko za mu shan iska, ku yi haƙuri.

Wani ya yi dariya ya ce ashe Malam ya zama Bature. Wani ya karɓa ya rufe ƙofa. Mutumin da ban san sunansa ba ya ce ba komai, har ya ba ni lemo.

Hajiya Jimmai ta riƙe haɓa. "Shan iska. Duk iskar da ke garin nan ba ta ishe ku ba?" Ta ƙirga jakunkunanta da ido. "Ita ce ta sa ka, ko? Matan yanzu. Ni har mijina ya rasu ban san ƙofar gidan zu ba." Ta shiga ciki, na ɗauka shi ke nan, sai ta fito da kwanon tuwo a leda. "Ka kai mata. Ramar nan tata ba ta yi mini ba, ko me za ku ce."

Da na dawo falo ya zama fili. Ledar shagon ba ta bakin ƙofa. Ban tambaya ba. Ta ci tuwon sosai.

Lahadi, 4 ga Maris, da azahar

Na kira. Na ce wa Haidar ya ba Inna, kuma ya tsaya kusa.

Na ce, Inna, labarin da aka kawo miki ba haka yake ba. Tafiya ce zan yi, amma ba gida ba.

"Aiki ne suka tura ka?"

Da na ce eh, da an wuce wurin. Na ce a'a, Inna. Hairiyya zan kai wani gari ta gani.

"Wa ke gare ta a can?"

Ba kowa.

"To me za ta gani?"

Na ce teku, da wasu tsofaffin gine-gine.

Ina jin kaji, ina jin wani yaro na kuka a maƙwabta, ina jin gidanmu gaba ɗaya a cikin kunnena. Sannan ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Ta miƙa wayar ba sallama.

Haidar ya ce, "Yaya, me ke damunka ne wai?" Na ce ba komai. Ya ce an riga an yi dambun. Na ji muryarta daga nesa tana cewa a raba wa maƙwabta.

Kalma biyu da na faɗa da ta yafe mini nan take, har ta tashi tsakar dare tana yi wa Hairiyya addu'a. Amma na riga na rantse.

Talata, 6 ga Maris, hutun rana

A kantin nama an yi shiru da na shiga.

Alhamis, 8 ga Maris, da hantsi, filin jirgin Charlotte

Na riga na nemi lambar tasi. Da asuba sai ga hon a ƙasa. Sumaila ne. Ya ɗauki akwatin ya sa a but, ya ce, "Na ce zan kai ku." Daga nan bai sake yi mini magana ba har filin jirgi. Da muka sauka ya ce wa Hairiyya, "Madam, a sha iska lafiya." Ni ya ɗaga mini hannu kawai.

Tana barci a kafaɗata yanzu. Malafar na kan cinyarta, ta ƙi a sa ta a akwati kada ta lanƙwashe.

Juma'a, 9 ga Maris, da la'asar, Tulum

Jiya bas ɗin ya gajiyar da ita, yau ba ta iya tashi da wuri ba. Na zauna a ɗaki ina jin fanka na juyawa ina cewa a raina: ga shi nan, na ɓata da uwata da abokina don mu zo mu kwanta a ɗakin haya. Zafi irin na gida. Zakara ma na cara a bayan otel ɗin.

Da rana ta ce tana jin yunwa. Mun ci kifi gasasshe da wata miyar barkono da ta sa ni hawaye. Ta ce wa mai abincin wata kalma da abokiyar aikinta ta koya mata, matar ta yi dariya ta ƙaro mata.

Ba Juma'a a garin nan. Na duba rana na yi azahar a ɗaki.

Asabar, 10 ga Maris, bayan azahar

Mun je.

Ta wata 'yar ƙofa ake shiga a jikin ganuwar, sai da na sunkuya. Ciki fili ne da ciyawa, gine-ginen dutse nan da can, an kewaye su da igiya. Wasu manyan ƙadangaru kamar damo suna kwance a kan duwatsun, ba sa gudun kowa. Turawa ko'ina, jajaye kamar an gasa su.

Muna tafiya muna tsayawa. Duk inda ta ga inuwa sai ta zauna, ni kuma in yi kamar ina karanta allon bayani. Na yi mata bayanin fataken da gishirinsu da kwale-kwalensu. Ta ce, "Malam ya sami aji."

Da muka kai gaban babban ginin ta ɗaga malafa ta dube shi. Ta ce, "Ashe ƙanana ne."

Na ce ƙanana ne? Bayan duk abin da aka yi?

Ta ce, "Wallahi hasumiyar Gobarau ta fi shi kwarjini." Tana dariya, ni ma na kasa riƙewa. Wani Bature ya juyo yana kallonmu.

Sai muka zagaya bayansa, ƙasa ta ƙare. Ban san yadda zan rubuta launin ruwan nan ba. Ba shuɗi ba ne irin na baba, ba kore ba ne. Ta daina dariya. Ta riƙe igiyar da hannu biyu, iska na kaɗa rigarta. Na tsaya a bayanta, ban duba agogo ba.

Akwai matakala ta katako da ke sauka zuwa rairayin. Na ce ba za ta iya ba. Ta ce in riƙe ta. Mun sauka a hankali, mutane na wuce mu. A ƙasa ta cire takalmi ta miƙo mini, ta shiga ruwan da rigarta, zuwa idon sawu, zuwa gwiwa. Na ce ya isa. Ta ƙara gaba har ƙugu. Igiyar ruwa ta zo ta ture ta, ta tangaɗa, ban san lokacin da na shiga ba, da wandona da fasfo biyu a aljihun riga, takalminta a ɗaya hannun a sama.

Muna tsaye a ciki ta ce, "Malam, in mun koma ni zan kira Inna. Da bakina zan gaya mata."

Na ce ba dole ba ne.

Ta ce, "Na sani. Amma yau kada a yi maganar Talata."

Ba a yi ba. Hawowa ya fi sauka wuya.

Litinin, 12 ga Maris, bayan magariba, Greensboro

Ta karɓi katin waya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce Inna ta ce in kira ta gobe duk yadda ake ciki. Abin da suka ce wa juna ban tambaya ba.

An hana ta cin komai daga yanzu. Ni ma na kasa.

Talata, 13 ga Maris, da safe

Sun shiga da ita. Ni kaɗai ne a ɗakin jira, haka ta so.

Nas ta kawo mini kayanta a leda in riƙe. Na fito da takalmin zan gyara masa zama, sai rairayi ya zubo mini a cinya. Ban kakkaɓe ba.